Yadda Jiki Ya Ke Koyon Shan Ƙwaya

  

Kwanakin baya wata dattijuwa ta zo mini ɗakin shan magani tana janye da ɗanta, saurayi wanda bai wuce shekara 20 ba. Ɗan ƙwadago ne, da damina a kan ɗauke shi noma, da rani kuwa ya yi dako a kasuwa. Ta zauna bisa benci ta ce, "Likita, yaron nan ya gagare mu. Ubansa ya yi duka har ya gaji. Mun yi roƙo, mun yi sadaka. Mun kai shi wani gari an tsare shi wata uku, ya komo fes, ya yi ƙiba, ya rantse ya bar ƙwaya har abada. Kwanansa huɗu a gida, ran na biyar sai ga shi an ɗauko shi ranga-ranga daga bakin tasha. Don Allah ka gaya mini, jifa aka yi masa, ko kuwa halinsa ne haka?" Ni ba likita ba ne, malamin asibiti ne, amma haka a ke kiranmu a ƙauye, mun kuwa gaji da gyarawa. Na duba yaron, na yi masa abin da zan iya. Amsar tambayar uwar dai ba ni da ita a ran nan, ta kuma tsaya mini a rai.

Amsa ta zo mini ta inda ban zata ba. Akwai ɗan ƙanena da ke karatu a jami'a, a fannin da a ke kira ilmin halin ɗan Adam. Wannan fanni ya daɗe a ƙasarmu, gama tun cikin 1964 aka buɗe sashensa a Jami'ar Nsukka, yanzu kuwa akwai shi a Jos da waɗansu jami'o'i da dama. Da ya zo hutu sai na gan shi da littattafai biyu, ɗaya a kan yadda mutum da dabba su ke koyon abu, ɗaya kuma a kan ƙwayoyi da abin da su ke yi wa hali. Na ce masa, me ya haɗa waɗannan biyu? Ya ce, "Ai Baffa, tafiyarsu ɗaya. Wanda bai gane na farko ba, ba zai gane na biyu ba." Na karɓa, na yi mako biyu ina dubawa da dare bayan an tashi aiki. Abin da na tsinta a ciki shi na kawo muku yau.

Amma tukuna ku ji girman abin, kada wani ya ce maganar 'yan birni ce. Cikin 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da wani ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka bi ƙasar nan suna bincike. Suka tarar mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye cikin shekarar da ta gabata, ban da giya da taba sigari. Miliyan 4.6 daga cikinsu ƙwayoyin kashe ciwo su ke sha ba bisa ƙa'ida ba, yawanci tiramol. Miliyan 2.4 kuma maganin tari. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A watan Mayu na shekarar nan ta 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta yi nata, amma wanda jikinsa ya riga ya koya, doka ba ta mantar da shi.

To, darasin fari da a ke koya wa 'yan jami'ar nan, labarin kare ne. Kada ku yi dariya. An yi wani masani a ƙasar Rasha, sunansa Pavlov, an haife shi cikin 1849, ya rasu cikin 1936. Aikinsa binciken yadda ciki ke narkar da abinci, har aka ba shi babbar lambar nan ta Nobel saboda haka cikin 1904. Yana ajiye karnuka, yana auna yawun da ke zubo musu in an sa musu abinci a baki. Ana nan sai ya lura da wani abu. Karnukan da suka daɗe wurinsa ba su jiran abinci ya shiga baki, da sun ji takun mai kawo musu abinci sai yawu ya soma zuba. Da wani ne, sai ya ce ai kwaɗayin kare ne, ya wuce. Shi kuwa ya tsaya. Ya samo wani ɗan abu mai ƙas-ƙas kamar agogo, ya riƙa kunna shi, sa'an nan ya ba da abinci. Yau haka, gobe haka. Da aka yi ta yi, ran nan sai ya kunna abin bai kawo kome ba. Yawu ya zubo, har ya ƙirga shi ɗigo ɗigo.

Ku lura, kare bai yi shawara da zuciyarsa ya ce bari in zubo da yawu ba. Ba shi da iko a kan wannan, kamar yadda ku ma ba ku da ikon hana yawunku tsinkewa in na ce ku tuna da ɗanyar tsamiya, ko lemon tsami da gishiri. Na san yanzu haka waɗansunku sun haɗiye. Sa'ad da ni ke makarantar mishan akwai wani guntun ƙarfen dogo a rataye jikin itace, shi a ke bugawa in lokacin abinci ya yi. Ko da ba mu jin yunwa, da an buga sai ciki ya kama ƙugi. Har yau in na ji ana dukan ƙarfe mai irin wannan amo, sai in ji ƙanshin wake da manja. Ku kuma iyaye mata kun san yaron da aka taɓa yi wa allura sau biyu ko uku. Tun daga bakin ƙofa, da ya shaƙi warin sifirit ya hangi farar riga, sai ya ɓarke da kuka, alhali ba wanda ya taɓa shi, watakila ma awon nauyi kaɗai aka kawo shi. Jiki ne ya haɗa abu biyu da suka saba zuwa tare, ya riƙe. Wannan shi ne koyo irin na farko.

Yanzu sai mu komo kan ɗan dakon nan. Ba ya shan tiramol ko'ina, ko yaushe. Yana da wurinsa, watau bencin mai shayi a bakin tasha. Yana da lokacinsa, da sassafe kafin motocin hatsi su iso. Yana da abokan shansa su uku, yana da kwalbar lemon da ya ke korawa da ita. Kullum waɗannan su ke riga ƙwaya zuwa, kamar yadda ƙas-ƙas ɗin nan ke riga abincin kare. Bayan 'yan watanni jikinsa ya gama haɗa su.

A nan ne abin ya ke da ban mamaki, ina roƙo ku kasa kunne da kyau. Jikin ɗan Adam ba ya son a karkatar da shi daga daidai. In ƙwaya ta rage numfashi, sai jiki ya yi ƙoƙarin ƙara shi. In ta kashe zafin ciwo, sai jiki ya ƙara kaifin jin zafi. In ta ɗaure ciki, jiki ya nemi sakinsa. Da fari sai ƙwaya ta shiga kāna jiki ya tashi tsaye. Amma in ya koyi alamun zuwanta, ba ya jira, tun daga hangen benci ya ke soma turjiya. Ku dubi ɗan dako kansa. In ya ga an ɗago buhu za a aza masa, ya kan gyara gammo, ya ƙanƙame wuya, ya kafa ƙafa tun buhu bai sauka ba. Haka jiki ya ke yi wa ƙwaya.

Abu biyu ke fitowa daga wannan. Na ɗaya, ƙwayar da ta ke kama shi da, yanzu ba ta yi masa kome, domin jiki ya tare ta a hanya. Sai ya ƙara. Wanda ya soma da guda ya koma biyu, ya koma huɗu. Ku sani, tiramol da hukuma ta yarda a sayar a ƙasar nan mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma ko majinyaci mai ciwo ƙwarai likita ba ya wuce masa 400 a yini guda. Wanda a ke sayarwa a ɓoye kuwa akwai mai 200, akwai mai 225. Ashe wanda ya watsa biyu masu 225 a baki ya riga ya haye abin da a ke ba majinyaci daga safe har dare. Shi ya sa mu ke ganin samari suna faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, alhali ba a san su da ita ba, ba kuwa a gidansu.

Na biyu, in alamu suka zo ƙwaya ba ta zo ba, jiki ya riga ya ƙanƙame, ga shi ba buhu. Sai mutum ya ji hamma, da kasala, da tsamin jiki, zuciya ta ƙuntata, ba abin da ya ke so duniya sai abin nan. Wannan ita ce ƙawa, irin wadda mai cin goro ya sani in ya gama cin tuwo ya laluba aljihu ya ji wayam, sai dai ta ƙwaya ta fi ta goro nesa ba kusa ba. Yaron nan ya yi wata uku a wani gari bai ji ta sosai ba, domin can babu benci, babu abokai, babu motocin hatsi. Da ya rantse ya bari, gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Ran da ya bi ta bakin tasha, sai abin da ke kwance ya tashi.

Saura dalilin da ya sa aka ɗauko shi ranga-ranga, wannan kuwa shi ne maganar rai da mutuwa cikin jawabina na yau. Wata uku ba sha, juriyar da jikinsa ya tara ta zube. Shi bai sani ba. Ya ɗauki adadin da ya saba sha da, ya watsa. Abin da jiya ya ke ɗauka yana tafiya, yau ya kayar da shi. An daɗe da lura da wannan a ƙasashe da yawa: makonnin farko bayan an sako mai shan irin waɗannan ƙwayoyi daga kurkuku ko daga asibiti, su ne suka fi kowane lokaci hatsarin mutuwa.

Har wurin sha ma yana da hannu a ciki. Wani malami a ƙasar Kanada, sunansa Siegel, shi da abokan aikinsa sun buga labarin wani gwaji cikin 1982. Sun riƙa yi wa ɓeraye allurar hiroyin, wadda dangi ɗaya ce da kodin da tiramol sai dai ta fi su ƙarfi, kullum cikin ɗaki guda, har suka saba. Sa'an nan ran ƙarshe aka ba su mai yawa ƙwarai. Waɗanda aka ba cikin ɗakin da suka saba, 32 cikin 100 suka mutu. Waɗanda aka ba cikin wani ɗaki dabam, 64 cikin 100. Waɗanda ba su taɓa sha ba kuwa, 96 cikin 100. Kashi na farko da na biyu sabonsu ɗaya, abin da aka ba su ɗaya, ɗaki ne kaɗai ya bambanta, amma mutuwa ta riɓanya. Na biyun an aza musu buhu ba su gyara gammo ba.

Darasi na biyu na wani Ba'amurke ne, Skinner, wanda ya fitar da littafinsa na farko cikin 1938. Shi akwati ya ƙera, ya sa ɓera ciki, da wani ɗan ƙarfe wanda in an taka sai ƙwayar abinci ta faɗo. Ɓera na yawo ya taka bisa kuskure, abinci ya faɗo. Kafin a jima ya zama gwanin taki. Ƙa'idar ba wuya: abin da ka yi daɗi ya biyo baya nan take, za ka sake. Matan gida sun riga Skinner sanin wannan, su da kaji ke bi da gudu da sun ji motsin ƙwaryar tsaba. Abin da ya ƙara mana shi ne awo, an kuma nuna lada ƙarami na yanzu yanzu ya fi babban lada na nesa ƙarfi wajen kafa sabo. Ɗan ƙwadago ya sha ƙwaya, kafin sa'a guda gajiya ta tafi, ya yi kunya 40 inda da ya ke yin 25, ya karɓi kuɗinsa da yamma. Lada ke nan a hannu. Jijjiga, da ramewa, da bashin mai kyamis, da ranar da za a hana shi auren 'yar mutane, duk suna can gaba, jiki kuwa ba ya lissafin abin da ke gaba.

Daga baya masana suka gano inda wannan ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa. Cikin 1954, a Kanada har wa yau, waɗansu biyu, Olds da Milner, suka sa siririyar waya a wani gurbi na ƙwaƙwalwar ɓera, yadda in ya taka ƙarfe sai 'yar wutar lantarki ta taɓa wurin. Ɓera ya dinga taki ba ji ba gani. Wurin nan aikinsa shi ne ya sa mu nemi abinci, da ruwa, da iyali, ya kuma riƙe mana hanyar da muka bi muka samu. Ƙwaya ta kan shiga ta buga wannan wuri da ƙarfin da tuwo ba ya iyawa.

Amma daɗin ba ya daɗewa. Duk wanda ya yi shekara yana sha, in ya yarda ya gaya muku gaskiya, zai ce yanzu ba don daɗi ya ke sha ba, don ya tashi daga shimfiɗa ne. In ya kwana bai sha ba sai hamma, da majina, da hawaye, da gumi, da zawo, gaɓoɓi kamar an yi masa duka, barci ya ƙaurace. Da ya sha sai duk su kwanta. Kun ga wani lada ke nan, watau kuɓuta daga wahala, shi ne kuwa ya fi ɗaure mutum. Haka abin ya ke ga matar aure da ta soma kurɓar maganin tari a gidan biki don ta manta da ɓacin ran kishiya ko na miji. Ranar farko ta sami barci. Bayan wata shida ba ta iya ɗora tukunya sai ta kurɓa.

To, ina duka? Na san da yawa cikinku za su ce ai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Skinner ya gwada wannan ma. Ya gyara ƙarfen nan yadda in ɓera ya taka sai ya maƙe shi a ƙafa. Ɓera ya ja baya na ɗan lokaci. Da aka daina maƙewar sai ya koma taki, har ya rama wanda ya rasa. Duka yana danne abu, ba ya goge shi. Abin da bulala ke koya wa saurayi guda ne, kada ya sha a gaban mai bulala. Sai ya koma kango, ko bayan makaranta, inda in ya faɗi ba mai ganinsa. Kun tuna cikin 2019 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a Kaduna da jihar Katsina, suka fito da mutane ɗari ɗari, waɗansu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi suka yi, har kuɗi su ke biya. Ni dai ra'ayina, bayan abin da na gani da idona shekara da shekaru, mari yana raba ƙafa da tasha na 'yan watanni, amma ba ya taɓa abin da jiki ya koya ko kaɗan.

Mu Hausawa mu kan ce hali zanen dutse. Da shan ƙwaya hali ne irin wannan, da sai mu nade tabarma mu tashi. Ga labarin da ya sa ban yarda ba. Lokacin yaƙin Biyetnam, sojan Amurka da yawa sun faɗa shan hiroyin a can, gama tana da araha, ga tsoro, ga kewar gida. Cikin 1971 gwamnatinsu ta tsorata, ta sa wata malama, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka komo. Ta tarar wajen 20 cikin 100 sun kamu sosai a can. Kowa ya ɗauka ƙasa za ta cika da mashaya. Amma cikin waɗanda suka kamun, wajen 5 cikin 100 kaɗai suka sake kamuwa a shekarar farko, cikin shekara uku kuwa wajen 12 cikin 100. Lalle akwai dalilai fiye da ɗaya, gama a gida abin yana da tsada, yana da wuyar samu, ga iyali, ga aiki. Duk da haka babban abin a fili ya ke: sun bar wurin, da abokan, da halin da suka koyi sha a ciki, ba su kuwa koma ba. Yaronmu shi an raba shi da wurin wata uku, sa'an nan aka maido shi kan bencin nan dai, hannu wofi, ba sana'a, ba abin yi da sassafe.

Saboda haka ga abin da ni ke gaya wa iyaye yanzu in sun zo. Ku fara da zama da yaron, ba tsawa, ku tambaye shi ina ya ke sha, wane lokaci, da su wa, me ya ke ji kafin ya sha. Waɗannan su ne ƙas-ƙas ɗinsa. Wanda za a iya kawarwa a kawar. In hanyarsa ta zuwa gona ta bi ta gaban mai sayarwa, ya sake hanya ko da ta fi nisa. In da sassafe ne abin ke taso masa, kada a bar shi shi kaɗai da sassafe, a ba shi koko da ƙosai a gida, wansa ko kawunsa ya raka shi wurin aiki. In da hali ya tafi wurin dangi a wani gari, ya tafi, amma da sana'a a hannu, ba zaman jiran ranar komowa ba. Ramin da ƙwaya ta bari, in ba a cike shi da wani abu ba, ita za ta komo ta cike shi.

Kada kuma ku raina lada. A Amurka tun wajen 1991 wani malami, Higgins, ya gwada ba masu shan hodar iblis 'yar takardar sayen kaya duk ran da aka auna fitsarinsu aka tarar ba kome, takardar kuwa tana ƙara daraja in mutum ya jera kwanaki. Waɗanda aka yi wa haka sun fi sauran daɗewa ba su sha ba, an kuma sake gwadawa wurare da yawa an ga haka. Mu ba mu da takarda, amma muna da abin da ya fi ta. Uba ya ce wa ɗansa "madalla" ran da ya cika mako. A ba shi ɗan akuya ya yi kiwo in ya cika wata. A sa shi cikin shawarar gida. Sharaɗin dai lada ya zo kusa, ya zo a kan kari, kada a ce sai ka shekara tukuna mu gani.

Ku sa rai kuma zai yi tuntuɓe. Pavlov ya ga wannan a karnukansa. In ya yi ta kunna abin nan ba abinci, yawu ya kan ragu har ya ƙafe. Amma in aka huta aka sake kunnawa, sai ga yawu ya ɗan komo. Tsohon koyo ba ya mutuwa sarai, sabo ne ke hawa kansa ya danne shi, kowane komowa kuwa ya kan fi na baya rauni in ba a ciyar da shi ba. Saurayin da ya yi wata huɗu sa'an nan ya zame ran Salla bai koma farko ba. A tashe shi a ci gaba. Abu guda dai ku gaya masa tun yana cikin hankalinsa, ku maimaita masa: in har ya zame, jikinsa ba na da ba ne, abin da ya saba sha da yana iya kashe shi yau.

Wajen bari kuwa, kada a yi shi a ɓoye cikin ɗaki. Ku zo ɗakin shan magani mu duba. Wahalar barin tiramol ko kodin ta kan soma cikin yini guda, ta yi tsanani ran na biyu da na uku, ta lafa wajen mako guda, ko da ya ke rashin barci da ƙuncin zuciya su kan ja makonni. Akwai abin da za mu ba da don zawo da ciwon jiki, sau da yawa kuma likita ya kan fi so a rage kaɗan kaɗan. Wanda ya saba da ƙwayar barci irin su baliyam, ko mai shan giya da yawa kullum, shi kam kada ya yanke gaba ɗaya ba tare da likita ba, gama yankewar tana iya kawo jijjiga, har ta kai ga rasa rai. In abin ya fi ƙarfinmu za mu rubuta takarda zuwa babban asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nuna mutum ya haukace. In an kai shi kuma kada a watsar da shi a juya. Tun cikin 1954 wani likitanmu na Nijeriya, Dokta Lambo, ya nuna amfanin wannan a Aro kusa da Abekuta, inda ya riƙa saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa guda yana kula da shi, da rana su zo asibiti.

In kuwa kun tarar da mutum ya sha ya faɗi, ba ya amsa kira, numfashi sama sama ko da minshari mai nauyi, baƙin idonsa ya tsuke ya zama kamar kan allura, to, kada ku ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada ku ɗura masa madara, ko manja, ko ruwa, gama zai shaƙe su su tafi huhu. Ku kwantar da shi bisa haƙarƙarinsa, ku share masa baki, ku nemi mota ko babur nan da nan. Ku ɗauko takardar ƙwayar ko kwalbar ku zo da ita, kada kunya ta sa ku ɓoye. Akwai allura da a ke kira nalokson wadda ke kwance aikin irin waɗannan ƙwayoyi ta komo da numfashi, amma sai an iso da rai. Mai jijjiga kuwa kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, in ta lafa a juya shi a kawo shi.

Dattijuwar nan ta komo bayan na aika mata. Na ce, "Inna, ba jifa ba ne, sabo ne, abin da aka koya kuwa ana iya koyon wani a kansa." Muka zauna da ita da yaron da kawunsa. Yanzu yana can wurin kawun a wani gari yana koyon aikin kafinta. Ya zame sau ɗaya da ya zo ganin gida, shi da kansa ya zo ya gaya mini washegari. Watansa bakwai ke nan, in ya zo gari kuwa ta bayan kasuwa ya ke zagayawa, ba ya bi ta tasha.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan taba sigari da tari mai daɗewa. Wanda ke da tambaya ya kai wa malamin asibitin garinsu, shi zai aiko mana. Ku huta lafiya.